Injin Aski Domin Baba: A Duba Hannunsa Kafin A Duba Kwali



Mutanen da suka shiga noman rani suna samari, sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ruwa ya wadata a magudanan Kadawa, yawancinsu yanzu sun ba 70 baya. Hannuwan da suka yi shekara da shekaru suna dashen shinkafa, suna ɗaga kwandon tumatir zuwa Kwanar Gafan, yau waɗansu ba sa iya riƙe cokali da kyau. Hawan jini ya kawo wa wani shanyewar ɓarin jiki, wani amosanin gaɓɓai ya kama yatsunsa, wani kuma hannun ne ke rawa ba ya tsayawa.

A wata ziyara da muka kai wani gida, mun tarar da wani dattijo wanda ya yi watanni bai zo sujada ba. Mun zaci ƙafa ce. Mai ɗakinsa ta ce a'a, da sanda yana iya kai kansa har bakin hanya. Gemu ne. Tun da hannun dama ya mutu bai ƙara aski da kansa ba, shi kuwa mutum ne da ba a taɓa ganinsa ranar Lahadi da fuska buzu-buzu ba. Ya gwada reza da hagu sau ɗaya, ya yanke haɓa, jini ya daɗe bai tsaya ba. Ɗansa da ke aiki a Kano ya ji labari, ya sayo masa kilifa babba irin ta shagon aski, mai igiya. Mun gan ta cikin kwalinta a kan akwati, sabuwa fil. Baba ba ya iya ɗaga ta zuwa kumatunsa, wuta kuma ba ta cika zuwa ƙauyen ba. Kuɗin ya tafi, gemun yana nan. Ɗan bai yi rowa ba, ya sayi mai kyau ne a ganinsa. Sai dai ya duba abin da masu aski ke yabo, bai duba hannun da zai riƙe ta ba.

Me ya sa ba reza ba?

Wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki, sau da yawa likita yakan ɗora shi kan maganin da ke hana jini daskarewa, kamar asfirin, ko kulofidogirel, ko wafarin. Maganin yana kare shi daga sake faɗuwa, amma yana sa ƙaramin yanka ya daɗe yana zubar da jini. Saboda haka ne ma'aikatan jinya sukan shawarci mai shan wafarin ya bar reza ya koma injin aski. Mai ciwon suga kuma, ƙaramin rauni yakan ƙi warkewa da wuri. Ga kuma wanda gefen fuskarsa ya mutu, zai yanke kansa bai ma ji ba, sai ya ga jini a riga. Haka yake ga dattawanmu da suka warke daga kuturta, irin waɗanda suka yi jinya a Yadakunya: cutar ta tafi, amma yatsu ba su da ji, ba su da ƙarfi. Kada kowa ya daina shan maganinsa domin tsoron jinin aski. Askin za a sauya, ba maganin ba.

Ba muna cewa a sallami wanzami ba ne. Wanzamin da ya shekara 30 yana yi wa Baba aski ya san kansa, ya san hirarsa, zuwansa ma magani ne ga mai zaman kaɗaici. Amma a gaya masa irin maganin da Baba ke sha, a kuma tanadi sabuwar reza ta Baba shi kaɗai kowane zuwa. Ciwon hanta nau'in B yana bin jini, ƙwayar cutar kuma tana iya rayuwa a kan ƙarfe har kwana 7 ko fiye. Babban binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kusan mutum 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, yawanci ba su sani ba. Wannan ya shafi kilifa kamar yadda ya shafi aska. Ɗan haska wutar ashana a bakinta, ko shafa mata kananzir, ba ya isa. Injin Baba na Baba ne. Mun san abin da ke faruwa a gidajenmu: da zarar kilifa ta shigo, samari da yara duk sai su yi layi daren Asabar. A hana, ko da za a ji haushi.

Iri uku ne za ku tarar

Injin aski ba sabon abu ba ne. Jacob Schick ya fara sayar da nasa a Amurka a 1931, kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da mai kai zagaye a 1939, Braun na Jamus kuma ya kawo mai raga a 1950. Har yau waɗannan su ne tushen abin da ke kasuwa, sai kilifa da kowa ya sani.

Mai raga yana da siririn ƙarfe mai ƙananan huji a bakinsa, wuƙaƙe suna kai da kawowa a ƙarƙashi. Yana aski ƙwal, amma yana son a riƙe shi a miƙe, a bi layi sama da ƙasa, a kuma ja fata da ɗaya hannun. Wanda hannu ɗaya ya rage masa ba shi da na jan fata, fatar tsoho kuwa ta saki. Ragar kuma ba ta da wuyar fashewa idan ya faɗi ƙasa, raga mai tsaga tana karce fuska.

Mai kai zagaye yana da da'ira uku ko biyu masu lanƙwasawa suna bin siffar haɓa da kumatu. Ana murza shi ne a hankali, zagaye-zagaye, ba ya neman a daidaita wuyan hannu sosai, ƙararsa da girgizarsa kuma ba su da yawa. Ga mai raunin hannu ya fi mai raga sauƙi nesa ba kusa ba.

Amma akwai magana a kan su biyun, wadda ba za ku gani a jikin kwali ba. Gashin gemunmu murɗaɗɗe ne. Idan aka aske shi ƙasa-ƙasa, yakan lanƙwaso ya soki fata yayin da yake tsirowa, shi ne ƙurajen nan da ke fitowa a wuya da ƙarƙashin haɓa. Likitocin fata suna ba mai irin waɗannan ƙuraje shawara ya daina aski ƙwal, ya bar gashin kamar milimita 1. Ƙari ga haka, mai raga da mai kai zagaye an yi su ne domin wanda ke aski kullum ko bayan kwana biyu. Gemun mako guda ba sa cinsa, fizgarsa suke yi. Ku tambayi kanku da gaskiya: a tsakiyar girbin shinkafa, ko lokacin da ake ban ruwa tun asuba, wa zai zauna da Baba kowace safiya?

Shi ya sa ga yawancin iyayenmu, a ganinmu, abin da ya fi dacewa shi ne ƙaramar kilifa mai caji, irin ta gyaran gemu, ba babbar ta shago ba. Tana cin gashin mako guda ba tare da fizga ba, tana barin ɗan tsiro kaɗan wanda ba ya jawo ƙuraje, da ita kuma za a yi askin kai. Fuska ba za ta yi sumul kamar ta reza ba, amma daga taku biyu ba wanda zai bambance. Idan Baba mutum ne mai son fuska sumul, fatarsa ba ta ƙuraje, yana kuma da niyyar yi akai-akai, to a saya masa mai kai zagaye.

Kashedi ɗaya game da kilifa. Masu shagon aski sukan wasa bakinta, su matso da wuƙar sama daf da ta ƙasa domin ta fitar da layi a goshi. Kilifar da aka yi wa haka tana yanka fata. Kada ku kai ta Baba a yi mata wannan gyara, kada kuma ku sayi tsohuwa daga hannun mai shago. A bar bakin yadda ya zo, in da ƙaramin mataji na roba a cikin kwalin, a sa shi a farkon koyo.

Gwajin hannu

Kafin kowa ya shiga mota zuwa Kano, a zauna da Baba a yi ɗan gwaji. Ku ba shi leda ɗaya ta fiyawata, nauyinta rabin kilo ne, kusan nauyin babbar kilifa mai igiya. Ya ɗaga ta zuwa kumatunsa da hannun da zai yi aski da shi, ya riƙe, ku ƙirga zuwa 30 a hankali. Yawancin masu jinya ba za su kai ba. Sa'an nan ku ba shi ƙaramin gwangwanin madara ko sabulun wanka. Ƙananan injuna masu caji nauyinsu yakan kama daga giram 150 zuwa 200, wato kusa da wannan. Idan ya riƙe gwangwanin ba wahala, kun san iyakar nauyin da za ku nema.

Daga nan sai kauri. Ku ba shi tocila siririya, ku ba shi ƙotar fartanya, ku ga wanne yatsunsa suka fi kamawa. Mai amosanin gaɓɓai ba ya iya dunƙule hannu sosai, abu mai kauri ya fi masa daɗin riƙo. Mutane sukan ɗauka siriri shi ne mai sauƙi, ba haka ba ne. Jiki mai santsi mai ƙyalli kuma, irin wanda ke ɗaukar ido a kanti, shi ne ke suɓucewa daga hannu mai gumi. A nemi mai roba ko mai gurzau-gurzau a jiki. Mai rawar hannu kuwa nasa daban ne: wani lokaci abu mai ɗan nauyi ya fi tsaya masa a hannu fiye da marar nauyi ƙwarai, sai an gwada masa duka biyun.

Makunni shi ne abin da aka fi mantawa da shi. Akwai wanda ake turawa sama da babban yatsa, yana da tauri, mu masu lafiya ba ma lura. Akwai wanda ake dannawa sau ɗaya, shi ya fi. Amma ku duba inda yake: idan yana daidai wurin da yatsa ke kwanciya, Baba zai riƙa kashe injin a tsakiyar aski ba da niyya ba. Waɗansu kuma suna da kulle na matafiya, wanda in aka daɗe ana danna makunnin sai ya rufe, injin ya ƙi tashi. Mun ga gidan da aka ajiye injin lafiyayye ana cewa ya lalace, alhali kulle ne kawai ya shiga. Ku sa mai kanti ya nuna muku yadda ake buɗewa. A can kanti, wanda aka aika ya kunna injin da hannun hagu, da ɗan yatsa ɗaya, ya kuma riƙe shi yana aiki na minti guda ya ji girgizarsa. Abin da ya ɗan dame ka, kai mai ƙarfi, zai gajiyar da tsoho ƙwarai.

Maganar wuta

Injin da ba ya aiki sai an jona shi da bango ba na ƙauyukanmu ba ne. Ku nemi mai caji, mafi kyau wanda ake caja shi da igiyar USB kamar wayar hannu, domin ana iya kai shi wurin mai cajin waya, ko a jona shi da sola ko fawa bank. Yawancin masu kyau in sun cika suna aiki minti 40 zuwa awa ɗaya, gyaran gemu kuwa bai fi minti 5 zuwa 10 ba, wato caji ɗaya zai kai makonni. Akwai ƙanana masu cin batirin tocila siriri guda biyu. Ba su da ƙarfi sosai, amma ga gidan da ke nesa da wurin caji ba abin rainawa ba ne.

Idan ɗa ko 'ya da ke ƙasar waje za su aiko, ku ce su duba rubutun jikin cajar. Wutarmu 230V ce, ta Amurka kuwa 120V. In an rubuta 100-240V, lafiya lau. In 120V kaɗai aka rubuta, zai ƙone a soket ɗinmu. A guji barin injin a jone sa'ad da ake tada janareta ko lokacin da wuta ta dawo da ƙarfi. Batir ba ya son zafi: kada a bar shi a rana ko a bakin taga a watannin bazara. Injin da aka rubuta ana iya wanke shi da ruwa yana da sauƙin tsabtacewa, sai dai da yawansu ba sa tashi yayin da suke jone da caji, an yi haka ne da gangan domin kiyaye rai. Mai igiya kuwa kada ya kusanci bokitin wanka ko kaɗan. Wanda aka sa masa iskar numfashi ta asibiti, kada a kunna injin aski kusa da fuskarsa sai ma'aikacin jinya ya yarda.

A kasuwar Sabon Gari da shagunan kayan lantarki na cikin Kano za ku ga sunayen manyan kamfanoni a jikin na gaske da na jabu duka. Abin da za ku iya yi shi ne ku buɗe kwali a gaban mai kanti, a kunna, a gwada a gashin hannu. In yana fizga tun yana sabo, a ajiye. Ku tambaya ko ana samun bakinsa na canji, gama raga da kai zagaye sukan dakushe cikin shekara ɗaya zuwa biyu, injin da ba a samun bakinsa kuwa na yarwa ne. Ku karɓi rasit, ku kuma yi magana tun a nan cewa in bai dace da hannun mai jinya ba za ku dawo a musanya.

A gida

Ko injin da ya dace ma yakan nemi ɗan gyara, abin gyaran kuma yana gidanku. Robar cikin tayar keke ko ta babur, wadda kuke yankawa kuna ɗaure tiyon injin ban ruwa, a naɗa ta a jikin injin askin sau biyu ko uku. Ta ƙara kauri, ta hana santsi. A bar makunni da ramin caji a buɗe. Ga wanda yatsunsa ba sa kamawa sam, tela zai iya ɗinka ɗan maɗauri mai faɗin yatsa biyu wanda zai zagaya bayan hannu ya riƙe injin a tafi, sai hannun ya yi aikin ba yatsu ba. A ƙara igiya a wuyan hannu domin kada ya faɗi a siminti.

Zama ya fi tsayuwa. Baba ya zauna a kujera, a sa tebur ko turmi a kife gabansa, ya dafa gwiwar hannu a kai. Idan gwiwar hannu ta sami madogara, kafaɗa ba ta ɗaukar nauyi, rawar hannu ma takan ragu, yana iya motsa fuskarsa zuwa ga injin maimakon ya bi fuskar da shi. A jingina madubi, kada a ba shi ya riƙe. A yi da safe kafin gumi, fuska a bushe, a wuri mai haske. Wanda ke shan maganin rawar jiki, a jira lokacin da maganin ya kama. Maimakon jan fata da hannu, ya hura kumatu, ya ɗaga haɓa. Bayan an gama a shafa man kaɗanya, musamman da hunturu.

Akwai abu biyu da mai taimako zai sa wa ido. Bakin kilifa yakan yi zafi bayan 'yan mintoci, gefen fuskar da ba ya ji kuwa ba zai faɗa ba. A riƙa taɓa bakin da bayan hannu. Na biyu, waɗansu masu shanyewar ɓarin jiki, musamman na gefen hagu, sukan aske gefe ɗaya su ajiye injin suna ganin sun gama. Ba ganganci ba ne, ba kuma makanta ba ce, ƙwaƙwalwa ce ta daina lura da wancan gefen. Kada a yi dariya. A ce, "Baba, saura wajen kunnen nan," a taɓa wurin. In kuna kai shi gashin ƙashi a asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ku tafi da injin ku nuna wa ma'aikatan sashen, za su gyara masa riƙo.

Wa zai zauna da shi? Mun san kunyar da ke tsakanin uba da ɗan fari, ba kowane uba ne zai yarda babban ɗansa ya taɓa masa gemu ba, surukuwa kuwa ba a ma maganarta. Jika shi ne maganin wannan. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, yaro mai shekara 12 zai iya jingina madubi, ya kunna, ya ƙarasa bayan kunne da ƙeya yana tsokanar kakansa, ba wanda ya ji nauyi. Amma a gargaɗe shi kada ya karɓe aikin duka. Ko kumatu ɗaya Baba ke iya yi, a bar masa kumatun nan, ko da zai ɗauki minti 20. Motsin hannun yana cikin jinya.

Ba iyaye maza kaɗai ba. Uwa mai kwanciya wadda kitso ya gagara, kai yana ƙaiƙayi da zafi, ƙaramar kilifa da mataji za ta rage mata gashin ba tare da reza ta taɓa fatar kai ba. Amma a tambaye ta tukuna, a kuma bar wa 'ya mace ko wata daga zumuntar mata ta yi, a cikin ɗaki. Kada a bi ta kan gyambo, ƙurji ko makero, a kai ko a fuska. A kewaye wurin, a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Bayan kowane aski a kakkaɓe gashin da ɗan buroshin da ya zo cikin kwali, a goge bakin da auduga da sifirit, a bar shi ya bushe, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya ko biyu a kan wuƙar. Ba man gyaɗa ba, gama yana daskarewa ya kama ƙura. A nan inda ƙaiƙayin shinkafa da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, a ajiye injin cikin gwangwani mai murfi ko jakar leda, a rataye inda yara ba za su kai ba.

Dattijon da muka ambata a farko, an musanya masa babbar kilifar da ƙarama mai caji, jikansa ya naɗa mata robar taya. Makonni uku na farko jikan ne ke yin fiye da rabi. Da muka koma bayan girbi, Baba ke yin kumatu biyu da haɓa da hagunsa, ƙarƙashin wuya kawai yake bar wa yaron. Mai ɗakinsa ta ce yanzu damuwarta ɗaya ce: tun daren Asabar yake tambaya ko an kai injin caji.